Shekarar da Baba Ya Kira Wanzami

A gidanmu mutum ɗaya ne yake shiga rumbu, shi ne Baba. Ƙauyenmu yana kan dutse tsakanin Allakaye da Buza, kuma kowane gida haka yake a can: rumbun laka ƙato, bakinsa a sama, an kifa masa hular ciyawa, mai gida kaɗai ke hawa tsani ya zura ƙafa ciki. Mata ba su leƙawa, ƴaƴa ba su tambaya. In hatsi ya ƙare a ɗaka, Inna takan ce, "Malam, turmi na jira," shi kuma ya hau, ya miƙo dami, ya sauko yana kakkaɓe riga. Ko an kusa kai ƙasa, ko har yanzu rumbu na cike, shi da Allahnsa suka sani. Ranar da aka ga ɗa a kan tsani uba yana ƙasa, to gari ya san tsoho ya sauka daga girman gida.

Abu na biyu da Baba yake ji da shi shi ne gemu. Ba ɗan tsinin nan na haɓa ba. Gemu ne da ya kama daga kunne zuwa kunne, ya haɗe da saje, ya gangaro har ƙirji. Bayan alwala yakan tsefe shi da yatsu a hankali, ko da liman ya riga ya tada kabbara. Wanzamin garinmu sa'arsa ne, tare aka yi musu kaciya, kuma tun suna samari yake kwaɗayin gemun nan. Duk Juma'a in ya gama yi wa Baba askin kai, sai ya goga aska a tafin hannu ya ce, "A taɓa kaɗan?" Baba ya ce, "Tahi ka taɓa na bunsurunka."

Ni ne ɗan fari. Lekol, wato makarantar boko, ta ɗauke ni zuwa Buza, daga nan Tawa, daga nan kuma, wajen ƙarshen shekarun saba'in, na bi ayarin masu tafiya arewa aikin ma'adinin uraniyom. Da na zo konjen farko, wato hutun aiki, fuskata sumul take, ko ɗan gashin baki babu. Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wajen wanzami ya ce, "Wanga wa yaf fere shi?" Aka yi ta dariya. Na zauna na yi musu bayani, don a lokacin ina ganin duk abin da aka yi wa bayani ya warware.

Ni ban shiga rami. A labo nake, ɗakin gwaji. Dutsen uraniyom yana fitar da wani gaz da ake kira radon, ba launi, ba wari, ba ya sa tari, amma abin da yake bari yana manne wa ƙura ya zauna a huhu, sai bayan shekaru ya nuna halinsa. Masu shiga rami suna ɗauke da ƙananan na'urori masu allura da ke auna shi. To na'ura ita ma tana iya ƙarya. Aikinmu shi ne mu kama ta. Muna da ganga ta ƙarfe a rufe, da dutsen a ciki, gaz yana taruwa a hankali. Mu zuƙo gwargwadon da muka sani, mu tura shi cikin wani akwati mai gilashi, mu jera na'urorin a ciki mu zuba musu ido. Wadda allurarta ta faɗi gaskiya a mayar da ita aiki. Wadda ta ƙara gishiri ko ta rage, in kama ta da ɗan turnabis, ƙarfen ɗaure noti, in murɗa mata kunne har ta shiryu.

Sai kuma maski, abin rufe fuska na roba, mai gilashi a ido da kartush a baki, wato gwangwanin da ke tace numfashi. Shi ma ba a yarda da shi sai an gwada. Muna da kan mutum na roba, ba gashi ba wuya, da bututu a bayan baki. Mu sa masa maski, mu sa shi cikin akwatin gaz, famfo yana ja kamar mai numfashi, na'ura tana auna abin da ya wuce. In kartush na ƙwarai ne, allura ta kwanta ta yi barci. Wata rana masu gemu cikin masu shiga rami suka yi ta gardama a kan dokar da ta ce mai sa maski sai ya aske gemu, sai na tafi mahauta na samo gemun bunsuru, na manna wa kan robar nan, na sa masa maski sabo dal. Allura ta miƙe tsaye. Gaz bai ma kula kartush ba, ta tsakanin gashi ya bi ya shige. Tun daga ranar ba wanda ya sake yi mana musu, sai harara.

Baba ya saurara har ƙarshe, yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Wato aikinka, ka tara abin da ba ka gani, ka auna shi da abin da ba ka yarda da shi ba, ka sa ma kan da ba na kowa ba takunkumi." Na ce kusan haka ne. Ya ce, "Allah shi ƙara ilimi." Ban san ko addu'a ce ko dariya ba, amma na ce amin.

Shekaru suka ɗan ja. Ma'aikatan gona suka kawo wata farar hoda ta kashe ƙwarin hatsi, pudur muke ce mata. A da, toka da ganye ake sa wa wake da dawa, amma pudur ta fi su aiki, kowa ya koma kanta. Sai an shiga cikin rumbu ake barbaɗa ta, hawa-hawa, ana jera dammuna ana zubawa, ga ƙaiƙayin gero, ga zafi, ga wurin fitar numfashi ɗaya tal a sama. Baba dama yana da fuka tun da daɗewa. Wata kaka ya fito daga rumbu yana shaƙewa, leɓe ya yi baƙi, sai a kan amalanke aka kai shi likita, wato asibitin Buza. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya gaya masa baro-baro cewa in ya sake shiga rumbu da pudur, ba lalle ya fito da ƙafarsa ba.

Labarin ya iske ni a bakin wani direban kamyo, babbar mota mai kai albasa arewa. Inna ce ta aiko shi. Da yake ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma yi mini magana kai tsaye. Direban ya ce, "Tsohuwa ta ce a gaya ma baƙon arewa, mai rumbu ya rantse baɗi ma shi ka shiga, ko majo ya mutu don haushi."

Na san Baba. Ba taurin kai kawai ba ne. In ya bar tsanin nan, a ganinsa ya zama tsohon da ake gaisarwa a wuce. Na samu shef ɗinmu, shugaban labo, na gaya masa damuwata. Ya zaɓo mini maski sabo da kartush irin wanda ya dace da hodar magani. Na ciro ɗaya daga kwalin na gwada a kan robar nan, allura ta kwanta. Na ɗauki ƴan uwansa da ba su taɓa shiga akwatin gaz ba na ƙulle a jaka. Ina fita shef ya tambaye ni ko tsohona yana da gemu. Na ce ɗan kaɗan.

Na sa konjena ya faɗo daidai kaka. Na tarar an gama yankan gero, dammuna jibge a bakin rumbu, Baba ya rame amma baki na nan. Bayan la'asar na ciro maski na ajiye a kan tabarma. Kaji suka watse. Inna ta leƙo daga madafa ta ce wa bango, "A tambayi baƙo, abin ga bai sha dahin da suka tarawa cikin ganga ba?" Na amsa wa bangon cewa bai ko ga gangar ba.

Baba ya ɗaga shi da yatsa biyu. "Mi na wanga? Takunkumin jaki kak kawo mini?"

"Baba, in ka sa shi pudur ba ta kai ga ƙirjinka. Kai za ka shiga rumbunka, ba wani ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta shige shi. Ya miƙo kai. Na sa masa, na ja maɗaurai. Gemu ya ɓullo ta ƙasa, ta dama, ta hagu, kamar an kifa ƙwarya a kan ciyawa. Na ce ya toshe bakin kartush da tafin hannu ya ja numfashi. In maski ya zauna daidai, sai ya manne wa fuska, numfashi ya ƙi zuwa. Baba ya toshe, ya ja, ya yi ta numfashinsa lafiya lau. Ya ce daga ciki, murya kamar daga rijiya, "Ai yana aiki. Numhwashi nika yi sarai."

Na ce matsalar ke nan. Ya ce ni dai ban taɓa rasa matsala ba tun ina goye.

Na yi bayani, na sake yi, bai yarda ba. Abin da ido bai gani ba, Baba ba ya ba shi gaskiya. Nan ba ganga, ba akwati, ba allura. Inna ce ta fitar da mu. Ta ce wa bango, "In baƙo na son gaz, akwai tonka." Ta zubo garwashi a kasko, ta watsa barkono, muka shiga tsohon ɗakin ajiya muka sakaya ƙofa, ni da nawa maskin na aiki, Baba da nasa. Hayaƙi ya murtuke. Ni ko gezau. Baba ya daure, na ga idonsa ta gilashi yana cikowa, kafaɗa tana rawa, yana nuna mini da hannu wai lafiya ƙalau. Ganin yadda ƙirjinsa ke ɗagawa na tsorata, na banke ƙofa na jawo shi waje. Ya cire maski ya yi ta atishawa har akuya ta tsinke igiya.

Da ya samu kansa ya ce, "Kartush ɗinka na banza na."

Na ce mu musanya. Ya dubi kaskon, ya dubi ni, ya ce ba yau ba.

Daga nan gida ya koma labo. Baba ya ce a tura gemun duka cikin maski. Muka tura, ya cika masa baki, ya hau har gilashi, bai ganin gabansa. Inna ta ce a kitse shi. Ta zauna ta yi masa kitso biyu, tana danne dariya har ta ƙware, shi kuma yana kallon sama yana salati. Kitson ya ɗaga robar ya bar ƙofa biyu, ɗaya kowane gefe. Aka ce a shafe shi da man shanu ya kwanta. Ya kwanta ɗin, amma maski ya riƙa sulɓewa, ga ƙuda sun samu wurin biki. Duk gwajin da muka yi, ya toshe kartush ya ja, numfashi sai ya zo ta gefe abinsa.

Labari ba ya kwana a garinmu. Kashegari da hantsi sai ga wanzami da zabirarsa a kafaɗa, ba Juma'a ba, ba suna ba. Ya ce wucewa yake ya ce bari ya gaida mutane. Ya zauna a gindin bedi, itacen dogonyaro, ya ciro dutsen wasa aska, ya shiga wasawa a hankali yana tambayata labarin arewa. Baba ya kore shi. Washegari ya dawo, wai ya manta hularsa, alhali tana kansa.

Baba ya je wajen liman neman mafita. Liman ya ce kare rai yana gaba, kuma gashi yana tsirowa. Baba ya dawo yana ƙunƙuni, wai mai faɗin haka hannunsa na riƙe da nasa gemun gam yake magana.

Ana cikin haka dammuna na zube a waje, tsuntsaye da awaki suna ta yin sadaka da su. Maƙwabta duk sun rufe rumbunansu. Na ga ranar tana matsowa da Baba zai ce a kawo tsani ya shiga haka nan, ba maski ba komai. Tsoro ya kama ni sosai. Na same shi shi kaɗai na durƙusa na ce, "Baba, ka bar ni in shiga bana kawai. Mu yi da sassahe, ba wanda za ya gani."

Ya ce, "Ni za ni gani."

Ya tashi ya zagaya rumbun, yana dafa bangonsa, yana duba tsagar da damina ta bari. Ya daɗe a can baya. Da ya dawo sai ya ce wa Inna, "Ke, a kira mini ɗan banzan can."

Wanzami ya zo da gudu har takalmi ɗaya ya fita. Amma da ya jiƙa gemun ya ɗora aska, sai na ga hannunsa ya tsaya. Duk zolayar nan ta shekaru ta gudu. Ya ce a hankali, "Ka tabbata?" Baba ya ce, "Kai da kaka roƙo tun muna samari? Yi aikinka." Gashi ya riƙa zuba a kan buzu, fari da baƙi. Ba wanda ya yi dariya. Da aka gama sai ga wata ƴar haɓa ƙarama, fatarta ta fi sauran fuska haske, kumatu sun lotsa. Ashe gemun nan ya daɗe yana ɓoye mana yadda Baba ya tsufa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Inna ce ta karya shirun. Ta fito da ruwa a buta, ta kalle shi, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ɗaka da sauri. Muka ji tana cewa daga ciki, "Wane baƙo na cikin gidana? Ni ba wanga anka ɗaura mini ba!" Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin haɓarsa ba. Wanzami ya faɗi ƙasa don dariya, Baba ma sai da haƙori ya fito.

Na sa masa maski. Ya toshe kartush ya ja. Roba ta manne masa caɓ, ido ya fito, ya saki da sauri. Ya ce, "To, yanzu ya kama." Ya hau tsani, ya zura ƙafa, ya ɓace. Muna miƙa dammuna yana karɓa. Ina tsaye a ƙasa kunnena a jikin laka ina jiran tari. Ba tari, sai numfashin maski, fuu, fuu, da wata waƙar noma da yake gunguni. Ya fito fari fat da pudur, ya sauko da ƙafarsa, ya cire maski ya ja iska ya ce, "A gaida majo."

Zuwa masallaci kuma sai ya naɗa rawani ya ja amawali har hanci, irin na makiyayan wajen Ibohamane. Mutane suka riƙa gaishe shi da Tamajak, yaren Buzaye, suna tambayarsa lafiyar raƙuma. Bai tanka wa kowa ba har gashi ya ɗan yi duhu a haɓa.

Abin ya zama al'ada. Duk shekara gemu ya yi ta tsirowa daga rani har damina, kaka na yi a kira wanzami. Har aka kai in an ga haɓar Baba a waje, an san lokacin rufe rumbu ya yi. Ni kuma kowace kaka ina zuwa da kartush sabo, bayan na gwada ɗan uwansa a akwatin gaz. Cikin dubban da suka bi ta hannuna, ba wanda nake tsayawa a kansa kamar wannan. Allura ta kwanta ma sai na sake gwadawa, har shef ya riƙa tambaya ko na shugaban ƙasa ne.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin na zo kamar kullum. Dammuna na bakin rumbu, tsani a jingine. Baba yana zaune a kan buzu, gemu fari tas har ƙirji. Na duba gindin bedi, ba wanzami. Na ce ko in je in kira shi. Ya ce a bar shi ya huta.

Ya karɓi kartush ɗin, ya ɗaura shi a maski da kansa, a hankali. Ya goge gilashin da bakin riga. Sai ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, mu bari sai sassahe."

Ya ce, "Yanzu. Rana tsaka, kowa shi gani."

Ya tashi da ƙyar ya riƙe mini gindin tsani. Na hau. Ciki duhu, da ɗumi, ga wasu ƴan ramuka a bango inda ƙafarsa ta saba takawa har laka ta yi santsi. Ina jera dammuna ina barbaɗa pudur, shi kuma yana ƙwanƙwasa bango daga waje da sanda, yana nuna mini gefen dawa da gefen gero. Kuka ya zo mini. Gilashi ya yi hazo, ga shi ba a cire maski a cikin ƙura ko me ya faru. Haka na ƙarasa aikin da lalube, hawaye na taruwa a haɓata.

Da na sauko na cire maski, na matsa kusa da kunnensa don in gaya masa inda hatsi ya kai. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ba a hwaɗi," ya ce. "Ko ni, kak ka gaya mini."

Na ɗauke tsanin na kai bayan ɗaki na kwantar.